Dakta Sirajo Amadu Badarawa, Likitan Ɗakin Korona

Haihuwa da Karatu

An haifi Sirajo a shekarar 1968 a Badarawa ta ƙasar Shinkafi. Mahaifinsa Malam Amadu manomi ne mai ɗan kiwo, mahaifiyarsa kuwa Zulai. Su biyu rak Allah ya raya wa iyayen, shi da wansa Tambari, wanda ya haƙura da boko ya riƙe gona domin ƙanensa ya samu ya yi karatu. Sirajo ya yi firamare a garinsu, ya yi sakandare a Kaura Namoda, sannan ya wuce Sakkwato inda ya kammala karatun likita a 1995.

Aiki da Iyali

Ya fara aiki a Zurmi, daga bisani aka mayar da shi Shinkafi. A 1997 ya auri Turai, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. A 2016 ciwon huhu ya kama Turai, aka jarraba mata magungunan kashe bakteriya iri-iri, amma ƙwayoyin cutar sun riga sun saba da su saboda yawan shan su barkatai da ake yi, har rai ya yi halinsa. Bai sake aure ba. Yara suka watse makarantu, shi kuma aka yi masa canji zuwa Kaura Namoda.

Shekarar Annoba

Da cutar korona ta ɓulla a 2020, shi aka damƙa wa ɗakin da aka killace masu ita. A lokacin, duk wanda aka kwantar sai a yi masa allurar antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, alhali maganin ba ya taɓa ƙwayar korona, amfaninsa sai in bakteriya ta shiga huhu a kan cutar. Dakta Sirajo ya duƙufa neman hanyar gane wanda ke buƙatarsa tun kafin ciwon ya ci ƙarfinsa. Ya lura da alamomi: zazzaɓi ya sauka sannan ya dawo, kaki ya yi kauri ya sauya launi, fararen ƙwayoyin jini su hau, hoton ƙirji ya nuna tabo a gefe guda. Wanda suka bayyana gare shi sai ya ba shi maganin nan take, saura kuma ya bar su da iskar oksijin da kulawa. Da yawa suka warke ba tare da allurar ba.

A watannin nan mutane suka riƙa ƙaurace masa. Mai shayin bakin asibiti ya ware masa kofi. Ko bayan an buɗe masallatai an koma jam'i, in ya tsaya a sahu sai a bar fili dama da hagunsa.

Rasuwar Tambari

A damanar wannan shekara aka kawo Tambari daga Badarawa yana numfashi da ƙyar. Gwaji ya tabbatar korona ce, amma babu ko ɗaya daga alamomin bakteriya. Dangi suka tsaya bayan katanga suna roƙon a yi masa allurar da suka ji ana yi wa mutane. Sirajo ya sake gwaji, ya kuma sakewa, bai ga dalili ba, bai yi ba. Cutar ta cinye huhun Tambari, ya cika a hannun ƙanensa.

Da ya je ta'aziyya, mahaifiyarsa ta yi masa magana daga cikin ɗaki, ba ta ɗaga labule ba. Ta ce, "Kai Sirajo, ka ba baƙi magani ka hana ma wanka Tambari? Tashi ka koma wurin aikinka." Ya ce, "Inna, maganin ba na ciwonsa ba ne." Bayan ya dawo ya faɗa wa Alheri, ma'aikaciyar jinyar da suka yi zaman ɗakin korona tare, cewa, "Da zai amfane shi, wallahi da hannuna zan yi masa." Ba a sake jin ya tayar da zancen ba.

Shekarun Ƙarshe

A 2021 ya nemi a mayar da shi Zurmi, inda ya zauna shi kaɗai a gidan ma'aikata yana koya wa ƙananan likitoci hanyarsa ta tantance masu ciwon huhu. Duk Sallah yakan aika wa mahaifiyarsa tufafi da hatsi, a karɓa, amma ba ta taɓa aiko masa da kira ba. Ta rasu a 2022.

Rasuwarsa

Allah ya karɓi ran Dakta Sirajo a watan Sha'aban na 2024, sakamakon bugun zuciya, yana zaune a ofishinsa bayan ya gama duba marasa lafiya. An yi masa sallah bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Zurmi, yawancin masu rakiyar ma'aikatan asibiti ne. Daga Badarawa mutum ɗaya ya zo, Faruku ɗan Tambari, wanda ya iso a kan babur ya tarar ana mayar da ƙasa, ya sa hannu. Marigayin ya bar 'ya'ya uku: Imran da ke aiki a Legas, Nabila da ke aure a Gusau, da Hafsat mai karatu a Zariya. Nisan hanya bai bar ko ɗayansu ya ga fuskarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.