Yadda Ɗelu Ta Nuna wa Hajiya Surukinta

Ɗelu ba danginmu ba ce, amma ban ga wanda ya san danginmu kamar ita ba. Mutuniyar Safo ce, aure ya kawo ta Madarunfa gidan wani masunci. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da kaskon suyar kifi, kuma da wannan kasko ta aurar da su duka. Gajera ce mai faɗin kafaɗa. In ta ƙwala maka kira daga madafa, ko kana bakin tafki sai ka amsa. Bayan maza huɗu aka haife ta, don haka takan ce ita gemu bai taɓa ba ta tsoro ba.

Mahaifinmu, marigayi Alhaji Maman, da fataucin wake ya yi arziki. Da ya ga 'ya'ya sun warwatsu, wasu Maraɗi, wasu Yamai, wasu har Katsina, sai ya gina ƙaton gida a gonarsa ta kusa da tafki, ɗaki goma sha huɗu, ya ce duk shekara a taru a nan in an ba yara babban hutun lakwal, wato makarantar boko. Wata goma gidan yana zaune shiru, sai dai a ara wa 'yan ɗaurin aure ko ƙungiyar manoma su yi kwana biyu. Da damina ta kankama, gero ya kai kafaɗa, sai mu sauka mu kusan sittin da katifu da tukwane da jarirai. Ɗelu ya danƙa wa makullai tun ranar da aka sa ƙofofi.

Shara da girki kowa ya iya. Abin da Ɗelu ta iya wanda ba wanda ya iya shi ne raba ɗakuna. Maginin da ya zana gidan nan, Allah Ya yafe masa, ya jera ɗakunan duka a baranda guda, ƙofa na kallon ƙofa, kamar bai taɓa jin ana kunyar suruki ba. Ita ce ta san wanda ba ya iya cin abinci a gaban wane, da wadda ba ta faɗin sunan wane, da taubasan da in ka haɗa su ɗaki ɗaya ba mai sakewa don tsiya. Tana tsaye bakin zaure da ɗaurin makullai a ƙugu, kana saukowa daga mota za ta nuna maka ɗakinka da haɓa. Yayanmu da ke aikin duwan, wato kwastan, ya taɓa cewa shi ɗakin kusa da famfo yake so. Ta ce masa a ofis ɗinsa ne yake da mulki.

Babban aikinta shi ne tsakanin mahaifiyarmu Hajiya da Alhaji Yahaya, mijin yayarmu Saratu. Saratu ce 'yar fari, Hajiya ko sunanta ba ta faɗi, sai dai ta ce "waccan". To, ina ga mijin waccan? "Mutumen Ɗan Isa" take ce masa, don a can yake da kamiyo biyu masu jigilar kaya. Shi ma ba baya ba ne. In ya zo gaisuwa, tun daga tsakar gida zai tuɓe takalmi, ya durƙusa bayan ƙyaure, kai a ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya, su gaisa da bango a tsakani. Don kada su yi karo a baranda, Ɗelu ta ajiye wata tsohuwar tasa a bakin madafa. Ta buga sau biyu, Hajiya za ta fito ke nan, sai ka ga ƙaton mutum ya tattare babbar riga ya faɗa ɗakin da ya fi kusa, ko na wane ne. Ni ce auta, ƙanwar matarsa, ina da ikon tsokanarsa, kuma ban taɓa raga masa ba. Shekara ashirin da bakwai da auren, kunyar nan ba ta ragu ba.

A daminar 1996 muka zo da Hajiya idonta ya yi nisa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannu. Likita a Maraɗi ya gaya mana ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, saura kaɗan shi ma ya rufe. Ba ta yi raki ba. Jikoki take jawowa ɗaya bayan ɗaya, ta kama fuskar yaro ta kawo dab da tata, ta ce wannan hancin gidan su wane ne.

Kwana uku da zuwanmu, da hantsi, ina tsefe mata kai Ɗelu ta kawo kunu. Hajiya ta ce ta turo ƙofa.

"Ɗelu, wata magana za ni hwaɗa miki, kada ki yi mani dariya."

"In ta dariya ce sai na yi, Hajiya."

"Mutumen Ɗan Isa. Na san ƙeyarshi, na san tarinshi, na san takunshi. Amma wallahi in an jera mani maza uku aka ce in fidda shi, ban iyawa. Ina son in ga huskarshi sau guda kahin wanga ido shi ƙarasa. Amma kada shi sani. In ya sani, ban ƙara kwana gidan ga."

Ɗelu ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, na dube ta. Ni tausayi ya kama ni har na kasa ci gaba da tsifar. Ita kuwa sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina raba ku a gidan ga, yanzu kuma in haɗa ku. To, Allah Shi ba mu sa'a."

Ni na fara kawo dabara, da yake ni ce mai ilimin boko. Na karɓo hotonsa wajen Saratu. Hajiya ta kai shi bakin hanci ta juya ta juya, ta ce ita mota take gani. Gaskiyarta ne, kamiyon ya cinye hoton, shi kuma yana gefe da baƙin tabarau, fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba. Ɗelu ta ce in mayar da ilimina cikin jaka.

Tata dabarar ita ce taga. Ɗakin Hajiya yana ƙarshen layi, tagarsa ta ƙarfe ce mai ƙyaure biyu, tana kallon gabas, kuma ba ta da tsawo daga ƙasa. Ɗelu ta kwance ƙusa ɗaya da gangan, ta je ta sami Alhaji Yahaya ta ce taga na shirin faɗuwa, Hajiya ta tafi barka maƙwabta, ya zo ya gyara kafin ta dawo. Ya taho da guduma yana ta zuba cewa shi injin kamiyo ma yana kwancewa. Ya biyo ta baranda, sai idonsa ya faɗa kan takalman Hajiya a bakin ƙofa, a jere. Guduma ta faɗi. Ban san mutum mai wannan tumbi yana iya gudu haka ba. Da na tsokane shi daga baya, ya ce lalle ya tuna bai yi sallar walha ba.

Ɗelu ta ji haushin kanta ƙwarai. Ta ce ita da ta san takalmin kowa a gidan nan, takalmi ne zai kunyata ta? Kwana biyu miyarta har gishiri ya yi yawa. Gidan kuwa yana ta harkarsa. Yara na gasa masara suna ƙona rabi, maza sun tafi tafki sun dawo da kifin da suka rantse su suka kama, alhali mun ga masuncin da ya rako su. Mata na kitso a inuwar darbejiya ana gulmar waɗanda ba su zo ba. Saura kwana huɗu Alhaji Yahaya ya koma bakin aikinsa, kuma kowa a cikinmu uku ya san baɗi ba lalle idon ya kai ba.

Ranar Alhamis da la'asar ta same ni ina wanke kwanoni, ta tsuguna kusa da ni.

"Nafisa, wane lokaci ne namiji ba shi iya gudu?"

Na ce in yana salla.

"Kanshi na ƙasa. Sake."

Na kasa. Ta ja yatsa a maƙogwaronta. "In aska na nan. Gobe Juma'a, Abdu wanzami na zuwa."

Al'adar gidan ce, duk Juma'ar da muke nan Abdu yakan zo da zabirarsa da safe, mazan gida su bi layi a yi musu aski kafin masallaci. A gindin darbejiya yake zama. Washegari tun da sassafe Ɗelu ta kwarara ruwan wanke-wanke tulu shida a gindin itacen nan har ya zama taɓo. Ta kife turmi a ƙarƙashin tagar Hajiya, ta ce wa Abdu nan ne kaɗai busasshen wuri, kuma ya zaunar da mutane fuska na kallon bango don kada yara su ɗauke musu hankali. Abdu ya ce shi bai taɓa jin wannan ka'ida ba. Ta ce yau ya ji. Sannan ta kwashe takalman Hajiya ta cusa cikin buhun dawa, ta lulluɓe Bushira matar yayanmu da mayafin Hajiya, ta ɗora ta a amalanken jaki, ta buga tasa sau biyu, aka fita da ita a gaban kowa. Ta ce istigfarin wannan ƙarya ita za ta yi, ba ruwan kowa.

Ni da Hajiya muna ciki, an turo ƙofa. Ta zauna a bakin gado dab da taga, ƙyauren a rufe saura ɗan tsagi. Mutum uku suka wuce. Hannunta yana cikin nawa. Sai muka ji tarinsa, muka ji turmi ya amsa nauyi.

Na jira har Abdu ya gama da kai ya koma gyaran fuska. Wanzami in zai bi ƙarƙashin haɓa, sai ya sa tafin hannu a goshin mutum ya tura kan baya, mutum ya rufe ido, ko ƙuda ya sauka masa ba ya motsi. A nan na tura ƙyauren a hankali. Ranar safiya ta biyo ta gefen bango ta sauka a kuncinsa. Tsakaninsa da Hajiya bai kai tsawon hannu ba.

Ta matso da idon dama. Ta dube shi tun daga goshi har gemu, a hankali, yadda take duban jikokinta. Ban san tsawon lokacin ba, amma na san Abdu ya bi wuri ɗaya ya fi sau biyar, ya wasa aska, ya sake bi. Ɗelu tana tsaye daga nesa da ludayi, ta kori duk yaron da ya nufo wurin. Daga ƙarshe Hajiya ta ja baya da kanta, na mayar da ƙyauren.

Hawaye ya biyo idon da ke gani da wanda ba ya gani. Can ta ce da ƙaramar murya, "Ashe ya yi hurhura. Yaro aka kawo mani, ashe ya tsuhwa a hannuna ban sani ba." Ta share fuska da gefen zane. "Huskar mutanen kirki gare shi. Waccan ta yi dace." Sai kuma ta yi 'yar dariya ta ce hancin Habibu, babban jikanta, yau ta gano inda aka samo shi, ta daina ɗora wa danginmu laifi. Na yi dariya ina kuka, ban ji kunyar ko ɗaya ba.

Da maza suka watse shirin masallaci, Ɗelu ta kai wa Abdu furarsa a zaure, tana tafiya tana rangaji kamar wadda ta ci kokawa. Na bi ta don in ji daɗin yabon da za ta yi wa kanta. Abdu yana goge asake yana mayarwa cikin zabira.

"Inna Ɗelu," ya ce, "ku mutanen gidan ga sai a bar ku. Shekara talatin ina wanzanci, ban taɓa aske kan da ba gashi ba sai yau."

"Kan wa?"

"Na Alhaji Yahaya mana. Shekaranjiya da ya leƙa Ɗan Isa duba motocinshi aka yi mai aski, kai na ƙyalli. Na ce Alhaji mi za ni aske nan? Ashe ya ga inda kika kihe turmi, tun nan zaure ya ja ni gehe. Ya ce, Abdu, sa sabulu ka yi ta bi. In ka zo wajen huska kada ka yi sauri, ka ɗaga mani haɓa wajen haske, kuma kada ka ce in buɗe ido sai ka ji taga ta ruhe."

Ɗelu ta tsaya da ƙwaryar fura a hannu. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ta juyo gare ni, idonta ya yi ja.

"Hajiya ba ta jin wagga magana," ta ce. "Ko daga bakinki, ko daga nashi."

Hajiya ba ta ji ba kuwa, har ta koma ga Allah.