Daga Bakin Ƙofa Kuka Yi Mana Addu'a

Assalamu alaikum, 'yan zaurenmu na intanet. Wata tara ke nan ban aiko muku ko layi ɗaya ba. An ce muku na tafi kwas Jos. Ni na sa matata ta faɗi haka, kuma ƙarya ce. Tarin fuka na yi.

Busasshen tari ne ya fara, sai zazzaɓin yamma da rama. Na sha maganin kemis kala uku. Ranar da na ga jini a hankici ina ofis, na ninke shi, na ƙarasa labarin da nake rubutawa, sannan na tafi asibiti.

An gwada kaki sau uku, an ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Malam, kai mai rubuta wa jama'a su zo da wuri, ina ka tsaya?"

Aka kwantar da ni a ɗakin masu tari, can baya, bayan wurin wanki. Magani kyauta ne. Gado da hoto da abinci ba kyauta ba, babur ɗina ya tafi a kansu. Na ji tsoro ƙwarai, domin 'yata mai shekara uku a ƙirjina take barci. An duba ta, Allah Ya kiyaye.

Maƙwabcina a gado Buba ne, makiyayi daga wata ruga bayan Giade. Kullum sai ya tambaye ni yadda aka yi biro bai kare ni ba. Ni ma in tambaye shi ina amfanin nonon da ya sha.

A mako na biyu, cikin azumi, ayarinku na ziyarar shekara ya iso, da bokitai masu sunan zaure da mai ɗaukar hoto. Ta taga na gan ku. Kun shiga ɗakin haihuwa, kun shiga na yara. Da kuka zo namu, Injiniya, shugabanmu, ya ja ya tsaya, hankici a hanci. Nas ta ce ku shigo. Ya ce, "Sista, ai addu'a ba ta buƙatar ƙofa."

Kuka ɗaga hannu daga nan. Daƙiƙa arba'in. Na duba agogo, halin aiki ne.

Buba ya tambayi su wane ne. Na ce mutanena ne. Ya ce, "To, naka ma daga nesa suke gaisuwa, kamar sun ga bijimi mai tunkuyi."

Ban wanke kaina ba. Shekara uku ni nake rubuta muku rahoton ziyarar nan, kullum in ce an zagaya dukkan ɗakuna, alhali ban taɓa sanin hanyar wannan ɗaki ba. Bana wani ya rubuta, kuma jimlar tawa ya kwafa, ko waƙafi bai taɓa ba.

Bayan sallama ga ƙa'ida: wata biyu kullum da safe za ka zo ka haɗiye ƙwayoyi a gaban nas, sannan wata shida kana karɓa ka tafi da su gida. Ni da ƙafa nake zuwa. Buba ba shi da kowa a nan Azare. Duk gidan hayar da ya je, da zarar ya yi tari sai a tuna an riga an ba wani ɗakin. A rumfar kasuwa ya riƙa kwana. A mako na biyar ya ji ƙarfi, ya koma wurin shanunsa.

Bayan wata huɗu aka dawo da shi a amalanke. Kwana shida ya yi. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu matarsa Dije ta kamu. Tana mako na uku a kan magani, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, don tana da wurin kwana. Mama Chika, mai sayar da kwanuka a kasuwa, ita ta kwashe kayanta daga sitonta ta ba Dije da wasu mata biyu masu tarin wurin. Hayar siton za ta ƙare ƙarshen wata. Ta ce mini, "Malam, ni ba ƙungiya ba ce, kwano nake sayarwa."

Ni dai na warke. Gwajin ƙarshe bai nuna komai ba. Na gode wa Allah, na gode wa matata Hajara da ta yi jinyata ba ta ware mini kofi ba, da nas ɗin da take kiranmu da sunayenmu.

Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a gwada kaki, ya bar kemis. Wanda ya fara magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A buɗe tagogi. A tambayi likita lokacin da za a iya shiga gaida mara lafiya, zai faɗa, kuma ba ya daɗewa.

Jiya na karanta saƙonninku a shagon intanet. Ranar Juma'a za ku zaɓi inda gudummawar bana za ta tafi, kuma na ga ra'ayi ya karkata ga allon barka da zuwa a mashigar gari, da sunan zaure a ƙasa. Saƙo goma sha ɗaya a kan kalar fenti kaɗai.

Tawa shawarar: a biya hayar siton nan na shekara, a ajiye gero don koko, domin maganin yana kawo yunwa. Mai shakka ya zo in kai shi ya gani.

Da safiyar yau Dije ta tambaye ni ko ta fara ɗaure kayanta. Na ce ta jira Juma'a, mutanena na shawara. Ban gaya mata da allo take takara ba.