Giyar Du-man da Firjin Kimchi

Seok Du-man ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a birnin Chuncheon na ƙasar Koriya, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya goge motar wani ba. Mutum ne mai son komai a ma'auninsa. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya sayo tukunya da buhun sha'ir, ya kafa dafa giya a baranda, gefen tulunan matarsa Mal-sun.

Dahuwar farko ta fito lami, ko ɗigon kumfa babu. Mal-sun ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Tsoho, wannan ai ruwan wankin shinkafa ne. In ta gaba ma haka ta fito, tukunyar nan ta bar min baranda."

Ya amince, don ya san ba wasa take ba.

A karo na biyu ya auna sukari a kowace kwalba, ya cika ashirin da uku na gilashi da ɗaya ta roba. Ta robar ita ce mai ba da labari: in yis ya cinye sukarin ya cika giyar da iska, za ta yi tauri a hannu. Sai dai a gidan Du-man duk abu mai daraja firjin kimchi ake kai shi, wato inda ake adana kabejin da aka jiƙa da gishiri da barkono, don haka can ya jera su. Kullum da safe ya buɗe ya matsa robar, kullum ta lotsa kamar kumatun jariri. Bai gaya wa kowa ba. Har ya daina buɗewa, don zuciyarsa ta gaji.

Sai lokacin haɗa kimchin hunturu ya zo. Gida ya cika da kabeji da barkono da ƙannen Mal-sun, shi kuwa ya gudu gun ɗan'uwansa a ƙauye. Da ya dawo bayan mako biyu, ya ɗaga murfin firjin: kimchi maƙil, babu kwalba ko ɗaya.

"Maman Yeon-ju! Ina kayana?"

"Kayan naka da suka cinye min rabin firji? Suna ɗakin Yeon-ju. Na jibga musu barguna don kada in riƙa ganinsu."

Tun da 'yar tasu ta yi aure ba mai kwana a ɗakin, amma bututun ruwan zafin da ke ɗumama daɓe ta ƙarƙashinsa ya fara bi. Ya tabbata zafi ya kashe giyar.

Ya yaye bargunan, ya lalubo robar, ya matsa. Ba ta lotsa ba. Ya sa hannu biyu, tana nan gam kamar tayar bas. Sai a lokacin ya gane: sanyi ne ya sa yis barci, ɗumin daɓe ya tashe shi.

Ya sanyaya guda, ya buɗe a gabanta. Fusss! Kumfa ta hau har ta zubo masa a yatsu. Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya.

Mal-sun ta kurɓa, ta ƙara kurɓa.

"To, tukunya ta zauna. Amma ka sake kusantar firjina, kai zan jiƙa da gishiri."

Yanzu a ɗakin Yeon-ju akwai bargo guda da ba mai taɓawa sai shi.