Pa Fotsing, Mai Leƙen Ƙarƙashin Motocin Mutane

Kullum da safe Pa Fotsing yakan tsaya a bakin garejin kamfanin motocin da yake wa aiki a Bafoussam, kofin gahawa a hannu, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Daga nan sai ƙarƙashin mota, ba ka ganin komai nasa sai tafin ƙafa, har rana ta take a kawo masa gwaza da miyar manja. A haka furfura ta cim masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bai kuwa kamata ya tafi shiru ba.

Shekarun baya, kamfanin ya gano aibi a wasu a-kori-kura da ya sayar. Tukunyar giyar mota da ke tsakiyar gatarin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, wadda ke raba wa tayoyi juyi, tana iya cijewa ana cikin gudu, tayoyin su ƙame, mota ta kife. Aka yi shela a rediyo kowa ya dawo da tasa a sauya masa tukunyar kyauta. 'Yan birni suka kawo. Amma yawancin motocin sun daɗe da canja hannu, suna ƙauyuka suna jigilar tumatir da ayaba, matan da suka noma su na zaune bisa kaya. Ba wanda ya aiki Pa Fotsing. Shi dai in an taso daga coci sai ya hau babur, kasuwa-kasuwa, har gidajen makoki, yana neman motocin.

A kasuwar Bansoa ya tarar da guda, an cika ta maƙil. Ya roƙi direban, wani matashi Tchinda, ya sauke mutane.

Tchinda ya ce, "Pa, motata lafiyarta lau. Matsa mini, tumatir ba ya jira."

"Ɗana, da wannan gatarin za ka bi gangaren Santchou?"

Tchinda ya tayar da mota. Pa Fotsing ya miƙe a ƙasa gaban tayar gaba, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Daga saman kaya Ma Djuidje, shugabar matan, ta leƙo. "Pa, in barci kake ji, ba ka da gado ne? Ko uwargida ta koro ka?"

Aka bushe da dariya, har da shi. Ya ce a bar shi ya sassauta noti ɗaya kawai. Ya tari man tukunyar a tafin hannu, ya miƙa mata. Man na ƙyalli da garin ƙarfe.

"Ma, haƙoran giya ke nan suke cin junansu."

Ta murza shi da yatsu, ta ce, "A sauko mini da kwandunana." Sauran matan suka bi ta. Rabin tumatirin ya lalace kafin a sami wata mota, Tchinda kuma ya daɗe ba ya gaishe shi. Da aka buɗe tukunyar a gareji, haƙoranta sun riga sun fara karyewa.

Ba duka ya cim ma ba. Akwai wadda ya yi ta bin sawunta, tana kufce masa, har ta kife da mutane a hanyar Mbouda. Ya je jana'izar, ya tsaya can baya. Har yau in an yabe shi, wannan motar yake ambata.

Pa Fotsing, dattijo mai naci, kai ne ka ƙi yarda cewa shela a rediyo ta sauke nauyi. Kai ne ka sha zagi da ruwan sama saboda mutanen da ba su san sunanka ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kowa ya dubi abin da ya fita daga hannunsa, ya tambayi kansa ina ya je, su wa kuma ke zaune a kansa.