Aikin da Na Sa a Lamba ta Biyar

Ni mutum ne da ba na son a tsallake layi. Karatuna bai yi nisa ba, amma abu guda na riƙe daga lakwal, wato makarantar boko: ɗaya ake faɗi kafin biyu. Da wannan hali na yi shekaru ina buga wa mutane takardu a wata ƴar rumfa a Birnin Konni, na neman aiki, na sayen fili, na koke zuwa buro, wato ofis.

Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, irin mai naɗewa, baƙa, mai nauyin tubali. Wani buro ne ya gaji da ita ya fitar, na saya. Masu kawo aiki kan yi mata dariya, ni kuwa ban taɓa jin kunyarta ba. Abin da ke gyaruwa ba na jefar da shi. Har yau ban canza ra'ayi ba, kuma nadamata ba a nan take ba.

Gonar gidanmu tana Tajaye, ƙanena ke noma ta. Ta gefen gabas ta gangara wani kwari inda ruwa ke kwanciya, dawa ta yi ko damina ta yi gardama. A kwarin muke iyaka da maƙwabta. Lokacin da kakanmu ya raba wurin da kakansu, duwatsu huɗu baƙaƙe suka binne, zurfin kamu guda, domin gambar da ake shukawa a iyaka tana mutuwa, dabbobi kuma na cinye ta. Duk wanda ya ga binnewar ya rasu, sai Gwaggo, yayar mahaifinmu. Tana yarinya ita ta kai wa masu haƙa fura a ranar.

Da na je gaisuwar ƙaramar Salla ta kama hannuna ta ce, "Kai ɗan lakwal, yaushe za ka taho ka rubuta duwatsun nan? Ni hwa ba dutse ba ce."

Na ce, "Gwaggo, za a yi, amma a tsare. Zan zo da kwamfuta, in ɗauki muryarki, in buga, in zana gonar, mai gari ya sa hannu."

"To ina injin?"

"Ba shi da lafiya tukuna."

Ta yi dariya har da tari. "Ashe mu biyu ne."

Gaskiya na faɗa mata. A lokacin kwamfutar kan yi zafi ta mutu a tsakiyar takarda, batirinta kuma ya daɗe da lalacewa, in an zare waya ta ɗauke. Da na koma Konni na rubuta ayyuka biyar a takarda na liƙa a jikin rumfa. Ɗaya, fanka. Biyu, ƙarin ram. Uku, sabon diski. Huɗu, batir. Biyar, Gwaggo.

Fankar ban sha wahalarta ba. Na kwance bayan na'urar da kaina, na jera kusoshin a faifai yadda na cire su, na share, na sa wata. Ram, wato ƴar siririyar da ke ƙara wa na'ura hanzari, sai da na je Malbaza wurin wani mai gyara, ya ciro mini daga wata da ta mutu irin tawa. Ranar da na sa ta, na kunna na ga shafi ya buɗe kafin in gyara zama, na ji daɗin da ba zan ɓoye ba. Na ja layi a kan lamba ta biyu da jan biro.

Ina jiran diski aka yi wa ƙanena haihuwa, na koma Tajaye suna. Bayan an ci abinci, muna zaune a zaure da ƴan uwa, Gwaggo ta leƙo ta sake tada maganar. Ƙanena ya zaro wayarsa.

"Yaya, ga waya. Rana ta yi sanyi, mu tai gona yanzu, ta nuna, in ɗauka. In injinka ya warke ka juye."

Gwaggo har ta ɗaura gyale, tana laluben sandarta a bayan ƙofa.

Na ce, "Maganar gado ba a ɗaukarta a waya kamar kiɗan biki. Wayarka nawa suka faɗa rijiya?"

Aka yi dariya, domin biyu sun faɗa. Ƙanena ya mayar da wayar aljihu. Ni ne babba.

Gwaggo ta ce, "To bari in hwaɗa maka ko guda. Akwai wani gindin tsohuwar aduwa, taki bakwai in ka dubi alƙibla."

"Shi ne na farko?"

"Na ukku ne, in an taso daga hanya."

"To dakata, Gwaggo. Kar mu fara daga tsakiya mu rikice. Ranar za mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ta dube ni, ta jingine sandar inda ta ɗauko, ta kwance gyalen. Wannan kwance gyalen nake gani har yau.

Diski ya zo, na juye takardun mutane duka ban rasa ko ɗaya ba. Batir ne ya ja lokaci. Na farkon da wani direba ya kawo mini daga Sakkwato bai shiga ba, na mayar. Na biyu ya shiga. Na cika shi, na zare waya, na zauna da agogo ina duba awa nawa zai riƙe. Kwana uku ina wannan gwaji, don kada ya ba ni kunya a gona. Na buɗe sabon shafi na rubuta masa kai: Iyakar gonar Tajaye, daga bakin Gwaggo. Na aika cewa ina tafe ran Juma'a.

Bazara ce, zafi ya yi tsanani. Zazzaɓi ya kama Gwaggo ran Litinin, ran Laraba da hantsi ƙanena ya kira ni ya ce ta rasu. Na je Tajaye da kwamfutar a jaka, domin na riga na shirya ta, kuma ban san abin da ya sa na ɗauka ba. Jakar tana rataye a kafaɗata aka yi wa Gwaggo salla.

Damina biyu ba abin da ya faru. A ta uku ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga ci-rani da garmar shanu, ya shiga kwarin har ya wuce inda muka saba tsayawa. Ba na ce masa ɓarawo. Ya ce nan mahaifinsa ya nuna masa, wataƙila kuma haka ya ji. Gambar ta daɗe da ƙarewa. Ƙanena ya yi kwana shida yana haƙa. Ya sami dutse guda, taki bakwai daga kututturen aduwa, daidai yadda ta faɗa. Sauran ukun ya haƙa ramuka har hannunsa ya fashe bai same su ba.

A gaban mai gari aka ajiye maganar. Ya saurari kowa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, an ce kai ne mai takardu. Mi ka kawo?"

Na ce ban kawo komai ba.

Ya ce dutse guda shaida ne, amma ba ya ja layi. Ya sa aka raba kwarin biyu daga dutsen zuwa hanya. Ban ga laifinsa ba. Rabin da ya faɗa wa maƙwabta shi ne mai riƙe ruwa.

A hanyar komawa gida ƙanena na gaba ina biye. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai da muka kai bakin zaure ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaya, injin dai ya warke ko?"

Na ce ya warke.

Kuma ya warke. Da shi nake buga wannan. Ba ya zafi, batirin na riƙe awa uku, ina buga wa mutane takardun gonakinsu da shi kowane mako. In tsoho ya zo da ƴaƴansa, ba na barin kowa ya tashi sai ya faɗi iyakarsa, ta ko'ina ya ga damar farawa. Takardar nan tana nan a jikin rumfa, ta yi ja don rana, layi huɗu a soke. Bara dawa ba ta yi ba a rabinmu, na aika wa ƙanena buhu biyu daga kasuwar Konni. Ya karɓa, ya aiko da godiya ta bakin direba.