Ranar da Seyni Ya Tayar da Ordinater ɗin Sanusi

A Gaya, in ordinater, wato kwamfuta, ta mutu, wurin Seyni ake kai gawar. Haka shi da kansa yake faɗa, kuma ba da dariya ba. Mutumin Tanda ne. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, har zamani ya tura shi cikin akwatunan ƙarfen nan, tsofaffin hannu da ake shigo da su daga Kotonu. Shagonsa na bayan tasha, matsattse kamar akurki. Yanzu ido ya yi rauni, amma ka ce ya sa tabarau ka sha baƙar magana. Wai shi da yatsa yake gani.

Maƙwabta kan yi masa tsiya don ba ya buɗe cikin na'ura sai ya yi sallama. Ya ce kowace da mai ita, kuma ba ka san ko yana raye ba.

Wata rana da hantsi Yalwa ta shigo da ordinater a ka, naɗe cikin zane, ƙaramar ɗiyarta Madina na biye. Seyni ya san ta. Matar Sanusi ce, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan, wanda kwalekwale ya kife da shi a hanyar Malanbil lokacin da gada take rufe. Ba a ga gawarsa ba, wayarsa ma ruwa ya ci. Lokacin Yalwa na da cikin Madina.

"Baba Seyni, ka tayar mini da shi," in ji Yalwa. "Yarinyag ga ba ta san fuskar ubanta ba. An ce da hotonai a ciki."

Seyni ya ji ta ce "shi", bai gyara mata ba.

Ya yi sallama, ya kwance murfi, ƙauri ya bugi hancinsa. Alimantasiyo ce ta ƙone, wato akwatin da ke raba wa na'ura kuran, wutar lantarki ke nan. Ya ciro wata daga cikin gawarwakin da ke jibge a kusurwa. Ya bi a hankali, don in ya haɗa ba daidai ba, faifan da hoton yake ciki zai iya ƙonewa, kuma babu wani.

Ya lalubo babban fish, wato kan da ake cusawa, mai tarin wayoyi, ya shafa har ya ji ƙugiyarsa, ya saita shi a bakinsa kan kart mer, babban allon da komai ke manne da shi. Ya danna har ya ce ƙas. Ya haɗa ta da gilashin kallo na shagonsa, ya sa kuran, ya taɓa maɓalli. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, amma gilashi baƙi ƙirin. Jiki na motsi, ba rai. Yalwa ta fara salati a hankali.

Sai ya tuna ƙaramin fish mai rami huɗu, mai ciyar da ƙwaƙwalwar na'urar. Ya zare waya daga bango, ya danna maɓalli don sauran kuran ya fita. Fankar ta juya ita kaɗai, ta saki wani huci, ta tsaya.

"Wa ya yi numfashi?" in ji Madina.

Seyni ya sha ganin haka, ya san dalilinsa sarai. Duk da haka tsigar jikinsa ta tashi, yatsunsa suka yi sanyi a cikin wannan zafi. Da ƙyar ya sami ramin ya cusa fish ɗin.

Na'ura ta yi ƙara ɗaya, gilashi ya waye. Ga Sanusi ya cika fuskar allo, tsaye a bakin kogi, ƙafa ɗaya cikin kwalekwale, ya ɗaga hannu yana kallonsu. Yalwa ba ta taɓa ganin hoton nan ba, ba ta kuma san wanda ya ɗauka ba. Madina ta matso, ta ɗaga masa nata hannun.

Tsohuwar alimantasiyon da ya sa ta fara ɗumi, Seyni ya ji tsoron kada ta yi ɓarna kafin a kwashe hoton. Ya miƙa hannu wajen maɓalli.

"Ɗiyata, bari in kashe shi, ya huta."

Yalwa ta cafke wuyan hannunsa, idonta na kan gilashi.

"Kada ka kashe shi, Baba. Mutuwa sau guda ta isa."