Kulu da Darasin Kimiyyar da Aka Ɗora Mata

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar matata Hauwa'u, wadda mutanen Gummi suka fi sani da Malama Kulu. Na san ba al'adarmu ba ce namiji ya zauna ya rubuta labarin matarsa a jarida, kuma ni tela ne, hannuna ya fi sabawa da almakashi a kan alƙalami. Abin da ya sa na yi shi ne, a 'yan kwanakin nan ina yawan jin ana musu a rediyo a kan malaman makaranta da manhaja, kuma duk lokacin da aka fara sai in ga fuskarta. Akwai abin da ta sani game da wannan magana, ta sha wuya kafin ta san shi, ina ganin bai kamata ya tafi tare da ita ba.

Kulu Hausa da ilimin zamantakewa ta karanta a kwalejin ilimi, su ne kuma take koyarwa a sakandaren 'yan mata. Ana gab da komawa mulkin farar hula, saurayin da ke yi wa ƙasa hidima, wanda shi kaɗai ke koyar da kimiyya a ƙananan ajujuwa, ya gama wa'adinsa ya koma garinsu. Ba a turo wani ba. Shugabar makaranta ta duba malamanta, ta ga Kulu ce ba ta da darasi da yawa, sai ta miƙa mata littafin kimiyya da manhaja ta ce ta riƙe ajin kafin a samu malami. Ba mugunta ta yi mata ba. In ba a riƙe ajin ba, yaran za su shiga jarrabawa hannu rabbana, kuma yarinyar da ta faɗi kimiyya a ƙaramar sakandare ba ta da hanyar zama ma'aikaciyar jinya ko ungozoma. A lokacin mata da yawa a ƙauyukanmu gara su haihu a gida da su je asibiti namiji ya duba su.

Zangon farko ya tafi lafiya a ganina. Kulu ta iya aji. Ta san yadda ake jan hankalin yaro, ta iya raba yara rukuni-rukuni, rubutunta a allo kamar an buga. Takan karanta babin da safe bayan sallah, ta je ta zuba musu shi yadda yake, su kwafa. Sufeto ma ya zo ya yaba da tsarin darasinta.

Wata rana da zafi ta dawo gida ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ba ta ko cire mayafi ba. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce tana koyar da darasin zafi da sanyi, wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ta me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, alhali a ɗaki ɗaya suke.

"To, mi kika ce mata?" na ce.

"Na duba littafi, babu. Na ce mata ban sani ba." Sannan ta ce, "Malam, tun ina ƙarama nike shan ruwan randa. Ni ce malamar kimiyya, kuma ban sani ba. Abin da nike ba yaran ga ba nawa ba ne, ɗauko shi nike in aje musu."

Na yi ƙoƙarin lallashinta. Na ce ai ba fanninta ba ne, riƙon ƙwarya take yi, ba wanda zai ga laifinta. Ta dube ni ta tambaye ni ko zan iya koya wa yaron shagona yankan babbar riga in da ban taɓa yanka ta ba, don kawai na iya magana da yara. Na san amsar.

Akwai wani tsohon malamin kimiyya a Anka, Malam Bawa, abokin mahaifinta, wanda ya yi ritaya idonsa kuma ya fara rauni. Kulu ta ce tana so ta je ta yi dogon hutu a gidan goggonta a Anka, ta riƙa zuwa wurinsa karatu. A lokacin tana goyon ɗiyarmu ta uku, Sadiya. Manyan biyu za su zauna da ni da mahaifiyata, Inna. Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. A majalisar ƙofar shago an yi ta zolayata, wai matata ta koma aji ɗaya ta bar ni da tuwo. Inna kuwa cewa ta yi mace mai albashi da 'ya'ya uku me kuma take nema. Na dai raka Kulu tasha, na riƙe mata jaririyar har ta gyara zama a cikin mota.

Sau ɗaya na kai musu ziyara a wannan hutun. Na tarar da su a zauren Malam Bawa da hantsi, matarsa na gefe tana tsince shinkafa. Kulu na karanta littafi da ƙarfi saboda shi ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, shi kuma yana tsayar da ita kusan kowane layi. "Dakata. Kin karanta, na ji. Yanzu rufe littafin ki gaya ma Hajiya da Hausa." In tsohuwar ba ta gane ba, sai ya ce Kulu ce ba ta gane ba, a sake. Na ga matata, wadda 'yan mata ke miƙewa tsaye in ta shiga aji, tana share zufa tana cewa, "A yi haƙuri, Baba, a sake mini." Ban taɓa ganin ta ƙanƙanta haka ba, ban kuma taɓa ganin girmanta kamar ranar ba.

Da aka koma makaranta ta sa aka ɗauko mata ƙaramar randa daga gida aka kai aji. Ta sa yaran suka shafa jikinta suka ji danshi. Ta nuna musu cewa yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, kuma wanda ya bushe ɗin yana tafiya da zafin wanda ya rage. Ta ce su tuna yadda jiki ke yin sanyi in iska ta bugi mai zufa. Ta dawo gida ranar tana dariya ita kaɗai.

Malamin da aka ce za a turo bai zo ba, ita ma ta daina jiran sa. Ta yi ta komawa Anka hutu bayan hutu har Malam Bawa ya rasu, daga nan ta shiga karatun hutu na malamai ta samu shaida a fannin kimiyya. Gidanmu ya koma wurin gwaji. Tsofaffin batiran tocila, garwashi, toka, lemun tsami, zoɓo, duk sun zama kayan aiki. Sau da yawa nakan nemi maganaɗisun da nake tsince allurai da shi in tarar ya tafi makaranta.

Ilimin nan ya taɓa haɗa ta da Inna. Malam Bawa ya gaya mata cewa wani kwallin dutse da ake niƙawa ana sa wa jarirai yana da dalma a ciki, kuma dalma in ta shiga jikin yaro ba ta fita da sauƙi. Da muka haifi autanmu, Kulu ta roƙi Inna kada a sa masa. Inna ta ji haushi ƙwarai, ta ce da wannan kwallin ta raini 'ya'yanta duka, ga ni nan idona garau. Kulu ba ta ɗaga murya ba. Ta bari sai da Inna ta huce, ta zauna kusa da ita tana taya ta gyaran gujiya, tana yi mata bayanin yadda abu ke bi ta ido da baki ya shiga jini, da yadda jikin jariri ba ya iya ture abin da jikin babba ke turewa. Inna ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Tandun kwallin dai ya koma can ƙasan kwalla, kuma ba a sake ganin sa ba.

Shekarar da ta rasu aka kira malamai taron bita a Bukkuyum a kan sabuwar manhaja. Ta dawo tana yaba masu koyarwar. Sun ce a daina cika yara da haddar abin da ba su gane ba, a bar su su taɓa, su gwada, su gano da kansu, kuma duk wannan ra'ayinta ne. Abu ɗaya ya tsaya mata. Wani daga cikinsu ya ce malamin da ya ƙware a dabarun koyarwa zai iya ɗaukar kowane darasi. Ta ce ta tashi ta ba su labarin kanta, ta ce dabara kam tana da ita tun farko, sufeto ma ya shaida. Ta tambaye su, in an bar yara su gano da kansu, suka gano abin da ba daidai ba, wa zai lura in malamin bai san daidai ɗin ba? Mutumin ya amsa mata da gaskiya cewa malaman ne babu, dole a yi aiki da waɗanda ke akwai. Ta ce ta san haka, don ita ma da haka ta fara. Roƙonta kawai shi ne, wanda aka ɗora wa darasi a nema masa inda zai koye shi.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba, 'yan makonni ne a cikin damina. Ko a gadon asibiti ajinta take tambaya. Ta ce in gaya wa shugabar makaranta sun tsaya a darasin jini da numfashi, kada wanda zai karɓa ya tsallake shi don yana da wuya.

Bayan rasuwarta da kamar shekara biyu masifar gubar dalma ta afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kowa a yankinmu ya san abin da ya faru a Dareta da Abare da sauran wuraren da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, da yadda ƙananan yara suka yi ta mutuwa. Bayan abin ya lafa wata mata ta zo shagona ta gaishe ni. Ta ce sunanta Ramatu, 'yar makiyaya ce daga wajen Gwashi, ɗalibar Kulu ce, kuma tana cikin ma'aikatan lafiyar da aka tura gida-gida. Ta ce likitoci sun ba su abin da za su faɗa wa iyaye mata: a fitar da niƙa daga gida, a wanke hannun yara, kada su yi wasa a ƙasar. Amma matan sukan tambaya, ƙurar da ba ta da ɗaci ba ta da wari, yaya za ta kashe yaro? Kuma me ya sa ta bar ubansa da ke niƙan?

"Baba, nan ne da yawa ke tsayawa," in ji ta. "Ni kuwa sai in tuna yadda Malama ta zana muna hanyar jini a allo. Shi nike gaya musu, da Hausa da Fillanci, har su gane."

Ba zan ce darasin Kulu ya hana wannan masifa ba. Yara sun mutu, waɗansu sun rayu da lahani. Abin da na sani shi ne, a wasu gidaje an fitar da turmi waje saboda wata ta iya amsa tambaya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in da ta ga yau. Hanyar Anka da ta riƙa bi da goyo a bayanta, yanzu mutum sai ya yi tambaya kafin ya hau ta, kuma akwai ƙauyukan da makarantunsu suka daɗe a rufe saboda rashin tsaro. Wannan zai sa ta kuka. Wayar hannu kuwa ina jin za ta so ta, don abin da ta bar gida ta je nema yanzu yana aljihun kowane malami. Amma na ga matashin malami yana kwafe darasi daga waya zuwa allo, kalma bayan kalma, na san da tana nan za ta jira shi a bakin aji, ta gaishe shi da mutunci, ta ce ya ajiye wayar ya faɗa mata da bakinsa. Ba za ta raina shi ba. Za ta gayyace shi gida, ni kuma in rasa wurin zama a tsakar gidana.

Ba a sa wa wani aji sunanta ba, ba ta kuma kai matsayin shugabar makaranta ba. Littattafanta mun ba makarantar, ban san ko suna nan ba. Malamai da yawa sun zo sun tafi a bayanta, wasu ba su taɓa jin sunanta ba. Amma duk farkon shekarar karatu shagona kan cika da mata masu kawo ɗinkin kayan makarantar 'ya'yansu. Wasu na aiki a asibiti, wasu na koyarwa, mafi yawansu matan gida ne. Ina cikin gwada yarinya sai in ji uwar ta ce mata, "Gaida Baba da kyau. Wanga shi ne mijin malamarmu."

Ina da sunana, na kuma yi fiye da shekara arba'in ina ɗinki a garin nan. Amma da wancan sunan suke kirana, kuma ina amsawa. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya yafe mata, Ya sa abin da ta koyar ya riƙa isa gare ta a inda take kwance.